Yadda Ake Gano Abin Da Ke Sa Injin Mota Rawa A Kan Silo, Da Yadda Ake Gyara Shi

Tambayar abin da ke sa mota rawa a kan silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba, ta yi yawa, daga direbobin haya masu jigila tsakanin Birnin Kebbi da Jega ko Argungu har zuwa ma'aikatan da motarsu ba ta wuce gida zuwa sakatariya. Mota tana tafiya lafiya lau a kan titi, amma da an tsaya a layin gidan mai ko a mahaɗa sai ta kama rawa. Sitiyari yana karkarwa, madubi yana kaɗawa, wani lokaci har ta nemi mutuwa sai an taka mata totur.

Ga matakan da ake bi, na motar fetur. Na jera su ne daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa wanda ke kai ga buɗe injin, kuma amfaninsu yana cikin bin su a jere. Yawancin kuɗin da mutane ke asara a wannan matsala ba gyaran ne ke cinye su ba, canza kaya da ka ne: yau fulogi, gobe kwayil, jibi famfon mai, mota kuma tana nan tana rawarta.

Kayan da za ka tanada

Sifanar fulogi, wadda lamba 16 ce a yawancin motocin da ke yawo a nan, wasu tsofaffi 21, wasu sababbi 14. Soket lamba 10, sukudireba doguwa da gajera, filaya, tocila, tsumma mai tsabta, da gwangwanin feshin wanke kafireto. In da hali, a haɗa da mitar auna wuta da ƙaramar na'urar OBD2 mai karanta matsalar da kwamfutar mota ta gano, wadda ake haɗawa da wayar hannu. Ma'aunin kwamfireshan, wato matsin iskar cikin silinda, da na ƙarfin mai ba sai ka saya ba, a gareji ake samunsu.

1. Ka lura kafin ka taɓa komai

Ka tayar da motar da safe ka zuba wa allurar da ke nuna juyawar injin ido. Injin da ya kwana yakan fara daga wajen juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti ɗaya, sannan ya riƙa sauka yayin da yake ɗumi, har ya zauna tsakanin 600 da 900. Wannan lafiya ce, ba ciwo ba.

Abin da kake so ka sani shi ne yaushe take rawar. Da sanyin safiya kawai, in ta yi zafi ta daina? Ko sai ta yi zafi? Sai an kunna esi? Allurar tana tsaye wuri ɗaya, ko tana hawa da sauka? Sannan ka tuna abin da aka yi wa motar na ƙarshe. In jiya aka wanke mata injin, ruwa ne ya shiga ramin fulogi har sai an tabbatar ba shi ba ne. In bayan shan mai a jarka ta fara, mai ne abin zargi na farko. In daga gareji aka dawo da ita, a nemi tiyo ko soket da yaro ya manta bai mayar ba.

Ka zagaya baya ka sa tafin hannu kusa da bakin salansa, ba a jikinta ba. Injin mai lafiya yana busowa a jere babu tsallake. In kana jin "fut... fut" jefi-jefi, akwai silindar da ba ta ƙone mai, wato abin da makanikai ke cewa injin yana misin.

Gargaɗi: kada ka yi wannan a rufaffen gareji. Hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ji warin komai ba.

2. Injin ne, ko injin sitin?

Wannan matakin shi ne ke raba hanya biyu, kuma shi aka fi tsallakewa. Injin yana zaune ne a kan robobi uku ko huɗu da ke shanye girgizarsa kafin ta kai jikin mota. In robobin sun mutu, lafiyayyen injin ma sai ya girgiza ka. In kuwa injin ne ke misin, ko sababbin robobi aka sa rawar ba za ta tafi ba.

A mota mai atomatik, ka taka birki ka sa giya a D, ka ji yadda take, sannan ka mayar N. In rawar ta ɓace ko ta ragu sosai a N, allura kuma tana tsaye cak, salansa tana busawa daidai, hankalinka ya koma kan injin sitin. Ka buɗe bonet ka haska su da tocila. Za ka ga roba ta tsage, ko ta zauna har ƙarfe yana taɓa ƙarfe, ko kuma baƙin ruwa ya tsiyaye daga cikinta, domin na Camry da Accord da makamantansu akwai masu ruwa a ciki.

Gwaji na biyu sai da mutum biyu. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi, ɗaya ya danne birki da ƙarfi ya sa D ya ɗan taɓa totur, sannan ya maimaita a R. Ɗayan yana kallon injin. In ya ga ya yi tsalle ko ya ji "gam", robar ta tsinke.

Gargaɗi: mai kallo ya tsaya a gefen mota, ba a gabanta ba, kuma kada a yi wannan mota tana fuskantar bango ko mutane.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne sayen injin sitin mai araha wanda robarsa ta cika tauri, ko a ba masu cika roba su toshe tsohon da taya. Injin zai daina tsalle, amma rawar cikin mota sai ta fi ta da. Ni a wurina gwamma na baljiyam mai lafiya da sabo na jabu. In ka ji an ce maka, "Alhaji, injin sitin ne ya tafi," alhali ba a gwada D da N a gabanka ba, ka ce a gwada tukuna.

3. A sa mata kwamfuta

In an tabbatar injin ne, kafin a ɗauko sifana a karanta abin da burenbos, wato kwamfutar motar, ya rubuta. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da suka shafi wannan matsala ba su da yawa. P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba. P0301 zuwa P0304 suna faɗin silindar da ke da laifi, lambar ƙarshe ita ce lambarta, a injin mai silinda shida kuma har P0306. P0171 yana nufin iska ta fi mai yawa. P0172 kuma mai ne ya yi yawa. P0505 na tsarin da ke riƙe silo ne, P0101 na iyafulo mita, mai auna iskar da ke shiga injin.

Ka rubuta lambar a takarda kafin a goge ta. Wasu masu na'urar da sun jona sai su share komai, wutar injin da ke allon gaban direba ta mutu, a ce an gyara. Ba a gyara komai ba. Kuma lamba tana nuna unguwar da matsala take ne, ba ta ce a canza kaza ba. P0171 ba hujjar sayen sensa ba ce, sau da yawa tiyo ne ya tsage.

Gargaɗi: in wutar injin mai ruwan ɗorawa tana ƙiftawa maimakon ta tsaya, misin ɗin mai tsanani ne. Ɗanyen mai yana zuba cikin salansa yana dafa abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na fulogi da kwayil nesa ba kusa ba. Kada ka ɗauki hanyar Yauri ko Zuru da mota a haka.

4. Fulogi

A bar injin ya huce sarai. Kan injin na yawancin motocin yanzu alminiyom ne, in aka murɗe fulogi da zafi zaren ramin yana iya cinyewa, ƙaramin aiki ya zama babba. A cire kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ko waya, a busa ramin da iska kafin a kwance fulogi. A garinmu wannan ba ƙa'idar littafi ba ce kawai, yashin da ke taruwa a wurin lokacin hunturu in ya faɗa cikin silinda ba ya fita ba tare da ya yi ɓarna ba.

Ka jera su a kan tsumma yadda suka fito, na ɗaya zuwa na huɗu, kada su cakuɗe, domin kowane yana ba da labarin silindarsa. Baki mai launin toka-toka ko ruwan ƙasa, lafiya. Baƙin kunkunniya busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. Baƙi mai maiƙo, injin yana shan baƙin mai. Fari fat kamar an ƙone shi, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Wanda ya jiƙe yana warin fetur, wuta ba ta zuwa masa. In kuma ɗaya ya fita daban da tsabta kamar sabo alhali sauran sun yi datti, ka sa alamar tambaya a kan tof gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ruwa ne ke wanke shi.

Ka duba jikin farin tangaran ɗin. Siririn baƙin layi a tsaye alama ce wuta tana bin gefe. Ka haska cikin ramin kuma. In ka tarar da baƙin mai ya kwanta a ciki, robar murfin bawul ce ta saki, kuma in ba a canza ta ba sabon fulogi da sabon kwayil duk za su bi sahun na da.

Tazarar bakin fulogi a yawancin Toyota da Honda tana wajen milimita 1.0 zuwa 1.1. Fulogi na gama-gari yana kai wajen kilomita 30,000, mai siririn baki na iridiyom yana iya kai 100,000, in na gaske ne. Nan ne araha ba ta ado, domin jabun Denso da NGK sun cika kasuwa, kwalinsu kuma ya yi kama da na asali ƙwarai. Ka sayi lambar da aka rubuta wa motarka, a wurin wanda za ka iya komawa ka same shi gobe, kuma a canza su gaba ɗaya.

Gargaɗi: wajen mayarwa a fara murɗawa da hannu har ya zauna, sannan a ƙara wajen rabin zagaye da sifana in sabo ne. In ya cije tun farko, a dawo da shi baya a sake. Kada a kankare bakin na iridiyom da sanfefa ko a buga shi a ƙasa don a rage tazara.

5. Kwayil da wayoyin fulogi

A motocin da kowace silinda ke da kwayil ɗinta, irin su Corolla ta 2003 zuwa sama, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. A ce na'ura ta nuna P0302. Ka musanya kwayil na biyu da na huɗu, a goge lambar, a tayar. In ta koma P0304, kwayil ne. In ta tsaya a P0302, ka musanya fulogin. In har yanzu ba ta motsa ba, saura nozul, mai fesa fetur, ko kwamfireshan na silindar.

In babu na'ura, injin yana kan silo ka zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya, na daƙiƙa biyu ko uku. Wanda ka zare rawar ta ƙaru, silindarsa tana aiki. Wanda ka zare injin bai ma san an yi ba, silindarsa ce matacciyar.

Peugeot 406 da yawa kwayil ɗinta dogo ne guda ɗaya, ba a musanyawa, sai dai a ari wani mai lafiya a gwada kafin a saya. Golf 3 da tsararrakinta kuma suna da distiribita da wayoyi. A buɗe murfin a duba tsagewa da tsatsa, sannan da dare a buɗe bonet a wuri mai duhu, in waya tana satar wuta za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle.

Gargaɗi: kada ka ja wayar fulogi da hannu injin yana aiki, wutar da ke cikinta dubban bolt ce. Ka kuma kiyaye hannun riga da fanka da fanbel. Babbar riga ba kayan leƙa injin ba ce.

6. Iskar sata

A kan silo injin iska kaɗan yake sha, shi ya sa ɗan ƙaramin tsagu da ba a jinsa a kan gudu yake hargitsa shi a tsaye. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi, da kan haura digiri 40, yana busar da roba ta yi ta tsagewa, ɓeraye kuma suna ƙarasa sauran a motar da ke kwana kusa da buhunan shinkafa.

Ka fara da babban tiyo mai lanƙwasa da ya taso daga akwatin iyakilina zuwa injin. Ka cire shi ka lanƙwasa a hannu kana duba cikin ninkin, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Sannan ƙananan tiyo, da wanda ya tafi tukunyar birki. In rawar tana canzawa duk lokacin da ka taka birki, can ne. Ka kasa kunne, iskar sata tana yin siririn fito. Inda kake zargi ka ɗan fesa ruwa, in sautin injin ya canza ka kama wurin.

Gargaɗi: makanikai suna amfani da feshin kafireto a wannan gwaji, kuma yana aiki, amma yana kama wuta. Kada a fesa kusa da salansa ko wayar da ke tartsatsi. Tiyon da ya tsage kuma a canza shi, salatif ba ya kwana biyu a zafin injin.

Tunda akwatin yana buɗe, ka ɗaga matatar iskar ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Masu cire ta gaba ɗaya wai don mota ta yi numfashi, ringi suke ci wa yashi.

7. Bakin injekta da iyafulo mita

Bakin injekta shi ne wurin da faifan totur yake buɗewa da rufewa. Baƙin datti yana taruwa a gefen faifan ya toshe 'yar hanyar da iskar silo ke bi. A kashe mota, a fesa maganin a tsumma a goge ciki da gefen faifan har ƙarfe ya fito. Motocin da ke da wayar totur suna da ƙaramin bawul na silo a jikinsa, shi ma a kwance a wanke.

Gargaɗi: in totur ɗin na lantarki ne, kada a sa yatsa ciki makulli yana kunne, kuma kada a banƙare faifan da ƙarfi. Bayan wanki silo yana iya hawa sama na ɗan lokaci kafin burenbos ya saba, wasu motocin, musamman Nissan, sai an yi musu saiti.

Iyafulo mita kuwa siririyar waya ce a cikinsa wadda ba ta son taɓi. Yana da nasa feshin daban. Ba a wanke shi da fetur, ba a sa masa buroshi, a bar shi ya bushe kafin a mayar.

A nan ne kuma ake yin aika-aikar da ta fi ba ni haushi, wato ɗaga silo. Bakanike ya murɗa sukurun da kamfani ya ɗaure, ko ya ja wayar totur, allura ta koma 1,200, rawa ta ɓuya. Mai mota ya tafi yana murna, alhali ciwon yana nan, shan mai ya ƙaru, giya kuma tana bugawa duk lokacin da aka sa D. In ka ji an ce, "Maigida, bari mu ɗan ɗaga mata silo," ka ce a'a.

8. Mai, nozul da famfo

Ka ɗebi man tankin a farar kwalba ka ajiye minti kaɗan. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa da layi a tsakani. Man 'yan bumburutu da na gidan man da tankinsa ke shan ruwa da damina su ne suka fi kawo wannan, kuma maganinsa a zuƙe tankin.

Nozul ana jin aikinsa. Ka ɗora bakin doguwar sukudireba a jikinsa, ka sa kunne a mariƙin, za ka ji "kas-kas-kas" a jere. Wanda ya yi shiru, ko shi ya mutu ko wuta ba ta zuwa, wannan aikin ɗan rewaya ne. Wanda ke ƙara amma ya toshe sai an cire an wanke a na'ura, inda za ka ga feshin kowane da idonka. A canza robobin bakinsu wajen mayarwa, in ba haka ba an buɗe sabuwar ƙofar iskar sata.

Famfon mai ba a yanke masa hukunci da kunne, a sa ma'auni. A motoci da yawa ƙarfin yana wajen 3 a ma'aunin bar. Famfo mai rauni ma ya fi nuna kansa a hawa da lokacin wuce wata mota fiye da kan silo, saboda haka in motarka tana ja da kyau a hanya, kada ka yi saurin sayensa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa suke yawo da tanki a ƙasa, kuma man da famfo ke nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi.

Gargaɗi: layin mai yana riƙe da ƙarfi ko an kashe mota. A cire fis ɗin famfo a bar injin ya mutu da kansa kafin a kwance, babu sigari, babu mai walda a kusa.

9. Zafin injin da caji

In allurar zafi ba ta kai tsakiya ko an yi tafiya mai nisa, wataƙila an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, ko an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu. Burenbos yana ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, rawa ta dawo bayan 'yan makonni. A mayar da tamostat, in mota tana zafi a nemi dalilin a lagireto.

Ka auna batir: wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 injin yana aiki. In ya faɗi ƙasa da haka da an kunna fitila da esi, a duba altaneta da kawunan batir da wayar da ke ɗaure a jikin mota.

10. Kwamfireshan

Sai duk na sama sun fita lafiya ake zuwa nan. A ɗumama injin, a cire fulogi duka da fis ɗin famfo, a danne totur har ƙasa, a ba kowace silinda kik na 'yan daƙiƙoƙi, a rubuta abin da ma'auni ya nuna. Abin dubawa shi ne kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta gaza, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta tashi ba, bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, tof gaskit ne tsakaninsu, musamman in ruwan lagireto yana raguwa kuma salansa tana farin hayaƙi bayan mota ta yi zafi.

Masu Honda su sa a duba tazarar bawul kafin a yi maganar sauke kan injin, domin da yawansu saitawa ake yi, kuma bawul da ya matse yana kawo irin wannan rawar. In kuma kwanan nan aka taɓa taimin, a sake duba alamominsa, haƙori ɗaya ya isa.

Maganar kuɗi

Farashin kaya yana bin dala, amma jerin tsadar ba ya canzawa. Mataki na 1 da na 2 da musanyar kwayil kyauta ne. Tiyo, matatar iska da gwangwanin feshi su ne mafi sauƙi. Sai kuɗin sa kwamfuta da wankin nozul, sai saitin fulogi, sai kwayil na asali, wanda guda ɗaya kan fi saitin fulogi na gama-gari tsada. Injin sitin da famfo suna sama da su, aikin gaskit da ringi kuma shi ne can ƙoli.

Ka yi cinikin kuɗin aiki daban da na kaya, ka karɓi tsofaffin kayanka a leda, kuma kada a canza abu biyu lokaci ɗaya ba a tayar an gwada a tsakani ba. Bayan an gama a goge lambobin, ka yi tafiyar kamar zuwa Kalgo ka dawo, sannan ka tsaya a D da esi da fitila a kunne na minti biyu kana kallon allura. A sake jona na'urar kafin ka biya cikon kuɗin.